Yadda Ƙwaƙwalwa ke Daidaita Jininta, da Halin da Mai Ciwon Daji ke Shiga Idan ya Samu Shanyewar Ɓarin Jiki

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin mazauna Gangara da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Jibiya, musamman dagatai da masu unguwanni da kansiloli da malaman ƙananan asibitoci, kasancewar su ake fara kira idan wani ya yanke jiki ya faɗi a gida ko a gona. Bayanin ya shafi mutumin da larura biyu suka haɗu a kansa ne, wato yana fama da ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, sai kuma rana guda a ga bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun ƙi motsi, magana ta sarƙe. Abin da aka saba ji a irin wannan hali shi ne dajin ne ya gama cin ƙarfinsa, sai a gyara masa shimfiɗa a zuba ido. Wasu kuma su ce iska ce ta buge shi, a nufi wajen mai magani. Sau da yawa abin da ya faru shi ne jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwarsa, kuma abin da iyali da malamin asibiti suka aikata a sa'o'in farko yana da hannu sosai wajen ko zai sake tashi ko ba zai tashi ba.

Ƙwaƙwalwa da rabonta na jini

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, amma tana karɓar kimanin kashi 15 cikin ɗari na jinin da zuciya ke turawa, tana kuma cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. A kowane minti ɗaya jini kimanin mililita 750 ke ratsa ta, kwatankwacin ledar ruwan sha ɗaya da rabi ke nan. Ba ta da rumbun ajiya irin na tsoka ko hanta. Idan jini ya yanke mata ɗungurungum, mutum kan suma cikin kimanin daƙiƙa 10.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke kai mata jinin. Biyu suna hawa ta gaban wuya, hagu da dama, su ne waɗanda ake jin bugunsu idan an ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Biyu kuma suna bi ta cikin ƙashin wuya ta baya. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa sai su haɗu su yi zobe, wanda wani likita na Ingila mai suna Thomas Willis ya bayyana a 1664, har yau kuma ana kiran zoben da sunansa. Amfanin zoben shi ne idan hanya ɗaya ta ƙuntata, jini kan iya zagayowa ta wata.

Duk wanda ya taɓa noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Jibiya ya san cewa ruwan da ke cikin babbar hanya ba kullum yake da ƙarfi ɗaya ba. Wata rana ya zo da yawa, wata rana ya ragu. Manomi mai lura shi ke tsaye a bakin fangalinsa, idan ruwa ya yi ƙarfi ya rage baki kada ya kwashe shuka, idan ya yi rauni ya buɗe baki sosai don gona ta sha. Ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa haka suke yi da kansu ba tare da sanin mai su ba. Akwai 'yar tsoka a jikin bangonsu. Idan ƙarfin bugun jini ya hau sai su tsuke, idan ya sauka sai su buɗe, ta yadda abin da ke isa ga ƙwaƙwalwa ba ya canzawa sosai. Da wannan ne mutum ke iya tashi daga zaune, ya yi ruku'u da sujada, ya ɗauki buhu, ya yi fushi ya huce, ƙwaƙwalwarsa ba ta rasa jini ba, ba ta kuma cika ta batse ba.

Wannan daidaitawa tana da iyaka ta sama da ta ƙasa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Niels Lassen, ya tattara binciken da aka yi kafinsa a 1959, ya nuna cewa tana aiki ne muddin matsakaicin ƙarfin jini yana tsakanin kimanin 60 da 150. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a mutane da yawa tazarar ba ta kai faɗin haka ba, kuma ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Domin malaman asibiti, ga yadda ake fitar da matsakaicin: a ɗauki lambar ƙasa ta awo, a ƙara mata sulusin bambancin da ke tsakaninta da ta sama. Mai awo 120 bisa 80 matsakaicinsa 93 ne, mai 180 bisa 110 nasa 133, mai 90 bisa 60 kuwa 70. Abin lura a nan shi ne wanda ya shekara da shekaru da hawan jini ba ya shan magani, jijiyoyinsa sun yi kauri sun saba da ƙarfin, don haka iyakokinsa duka biyu sun matsa sama. Awon da lafiyayyen saurayi zai yi harkokinsa da shi lafiya lau, shi wannan dattijo yana iya jefa shi cikin jiri da ƙarancin jini a kai.

Bayan ƙarfin jini, iskar kabon da muke fitarwa a numfashi ita ma tana juya waɗannan jijiyoyi: idan ta taru a jini su buɗe, idan ta ragu su tsuke. Haka nan idan mutum yana da ƙarancin jini, sukan buɗe domin yawan gudu ya cike gurbin ƙarancin oksijin. Za mu dawo kan wannan, don a nan ne mai ciwon daji ke da rauni.

Idan jijiya ta toshe ko ta fashe

Shanyewar ɓarin jiki, wadda wasu ke kira bugun jini ko mutuwar ɓarin jiki, iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, ko kuma jijiya ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, ya gano cewa kimanin kashi 68 cikin ɗari na waɗanda aka duba toshewa ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa. Wannan kaso na fashewa ya ninka abin da ake gani a ƙasashen Turai. Binciken ya kuma nuna cewa hawan jini shi ne babban dalili, da tazara mai nisa a kan dukkan sauran dalilai. Daga waje kuwa iri biyun kama ɗaya suke yi. Babu likitan da zai rantse da wanne ne sai ya ga hoton ƙwaƙwalwa, kuma maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗayan.

Idan toshewa ce, sashen da jijiyar ke shayarwa kan kasu biyu. Akwai tsakiya, inda jini ya yanke kusan baki ɗaya, nan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan mutu cikin mintoci. Sai kuma kewayen wannan tsakiya, inda ɗan jini ke tsattsafowa ta ƙananan hanyoyin maƙwabta. A lafiya kowane giram 100 na ƙwaƙwalwa yana samun mililita 50 a minti. Idan ya sauka ƙasa da kimanin 20, sashen ya daina aiki amma bai mutu ba. Idan ya faɗi ƙasa da kimanin 10, ya mutu. Shukar da ta yi yaushi ta kwanta ke nan, wadda idan ruwa ya zo mata yau za ta miƙe, idan ya kai jibi sai dai a cire. Duk ƙoƙarin asibiti a kwanakin farko a kan ceton wannan kewaye yake. An ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ce ta toshe ba a yi komai ba, mutum na asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 a kowane minti.

A cikin wannan kewaye, jijiyoyin sun riga sun buɗe iyakar buɗewarsu, kuma tsokar bangonsu ta sage. Manomin da ke bakin fangali ya tafi, an bar baki a buɗe. Daga nan abin da ke isa wurin ya dogara kacokan ga ƙarfin da ke cikin babbar hanya, idan ya hau jini ya isa, idan ya faɗi jini ya yanke. Shi ya sa mafi yawan waɗanda abin ya sama za a auna a tarar jininsu ya hau a ranar farko. Wani ɓangare na hawan nan jiki ne ke ƙoƙarin tura jini ta ƙuntatacciyar hanya, kuma yakan sauka da kansa cikin kwanaki. Ƙa'idar da likitoci ke bi a kan toshewa ita ce ba a gaggawar saukar da shi a kwana ɗaya ko biyu na farko sai ya haura 220 bisa 120, ko akwai wata larura ta zuciya ko ƙoda, ko za a yi allurar narkar da gudan jini, wadda ke buƙatar a sauko da shi ƙasa da 185 bisa 110. Idan kuwa fashewa ce, hukuncin ya juya: ana so a sauko da lambar sama zuwa wajen 140 cikin sa'o'in farko, a hankali kuma a ƙarƙashin kulawa, domin zubar ta tsaya.

A 2024 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Sin a kan mutum sama da 2,000, inda aka riƙa saukar da jinin rabinsu tun a cikin motar asibiti kafin a ɗauki hoto. Waɗanda daga baya aka gano fashewa ce ta same su sun amfana, waɗanda toshewa ce kuwa an ƙara musu lahani. Muna ganin wannan ya isa hujja ga duk mai kemis ko ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya da ke garzayawa ya sa wa mara lafiya ƙwayar nifedifin a ƙarƙashin harshe da zarar ya ga awo ya kai 190.

Inda ciwon daji ya shigo

Tun 1865 wani likita a birnin Faris, Armand Trousseau, ya lura cewa masu ciwon daji na cikin ciki jininsu kan daskare a jijiyoyi ba tare da wani dalili na fili ba. Ba a jima ba ya ga alamar a jikinsa, ya faɗa wa ɗalibansa abin da take nufi, ya kuwa rasu a 1867 da ciwon daji na ciki. Abin da ya gani har yau yana nan. Wasu nau'o'in daji, musamman na huhu da na tumbi da na hanji da na gaɓar da ke sarrafa sukari a bayan tumbi, suna zuba wa jini sinadaran da ke sa shi saurin daskarewa. A wasu lokuta gudajin kan taru a bakin ƙofofin zuciya, su riƙa ɓallewa suna tafiya kai, su toshe ƙananan jijiyoyi a wurare da dama lokaci guda, hagu da dama. Idan likita ya ga irin wannan zane a hoto, yakan nemi daji a jikin mutum ko da ba a taɓa cewa yana da shi ba, don akwai waɗanda shanyewar ce alamar farko da ta tona ciwon.

Wani bincike a Amurka da aka buga a 2017, a kan dattawa 'yan shekara 66 zuwa sama, ya gano cewa cikin wata shida na farko bayan gano daji, kimanin mutum 3 cikin 100 sun samu toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, alhali a cikin tsararrakinsu marasa daji abin bai kai 2 cikin 100 ba. Haɗarin ya fi yawa a watannin farko da kuma ga wanda ciwon ya yi nisa.

Magungunan ma suna da nasu rabo, kuma muna faɗin wannan ne don a sani a sa ido, ba don a guje su ba, domin barin magani ya fi duk wannan haɗari muni. Wasu magungunan kemo, kamar sisfilatin, suna taɓa bangon jijiya. Tamoksifen da ake ba masu dajin nono yana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini. Gashin da ake yi wa masu dajin maƙogwaro da na bayan hanci yakan bi ta kan manyan jijiyoyin wuya, sai bayan shekaru su yi kauri su ƙuntace. A daidai wurin kuma akwai wata 'yar mahaɗa da ke auna ƙarfin jini tana sanar da ƙwaƙwalwa. Idan gashi ya lalata ta, sai jinin mutum ya riƙa hawa da sauka ba tsari, ya miƙe tsaye ya ga duhu. Wanda aka yi wa gashin wuya a Shika ko Sakkwato shekara biyar ko goma da suka wuce, ya warke sarai, ya kamata duk likitan da ya je wurinsa ya san da wannan tarihi. Akwai kuma wata larura da wasu magungunan daji ke haddasawa tare da hawan jini na farat ɗaya, inda ƙarfin ke ƙetare iyakar sama, jijiyoyin bayan kai su kasa tsukewa, ruwa ya tsattsafa cikin ƙwaƙwalwa. Alamunta su ne matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani, ruɗewa da farfaɗiya. Tana da ban tsoro, amma yawanci tana warwarewa idan an saukar da jinin an dakatar da maganin da ya jawo ta.

Ta ɗaya gefen, daji yana iya kawo fashewa. Kemo da dajin jini suna rage ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Wasu nau'o'in daji kuma kan yi reshe a ƙwaƙwalwa, reshen ya yi jini. A cikinsu akwai wanda ke tasowa daga mahaifa bayan ɓari ko bayan cikin da ya zama ƙululai maimakon ɗa. Mace matashiya da ta yi irin wannan ciki a watannin baya, ta ci gaba da zubar jini, sannan ta shanye, a gaggauta gaya wa likita tarihin cikin, domin wannan nau'i yana daga cikin waɗanda suka fi jin magani ko da ya kai ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi damunmu a nan karkara shi ne wanda ya fi sauƙin magancewa. Mai ciwon daji yawanci yana da ƙarancin jini, don haka jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa tun kafin komai ya faru a buɗe suke, sun cinye rarar da lafiyayye ke ajiyewa don ranar wahala. Ya dawo daga kemo yana amai da gudawa, ba ya iya cin abinci, ga zafin watan Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40 a wannan yanki. Ruwan jikinsa ya ƙafe, jini ya yi kauri, ƙarfinsa ya faɗi, amma yana ci gaba da shan maganin hawan jini kamar yadda aka rubuta masa tun yana da ƙiba. Irin wannan mutum ba ya buƙatar gudan jini babba kafin ya shanye. Duk mai shan kemo da ya kwana yana amai ko gudawa, a auna jininsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari idan yana iya sha, a kuma tuntuɓi asibiti a kan ko zai dakatar da maganin hawan jinin na kwana ɗaya ko biyu. Batun azumi kuwa, a tambayi likita a tambayi malamai tun kafin wata ya kama. Rangwamen da aka yi wa mara lafiya sananne ne.

Sa'o'in farko

Gwajin da kowa zai iya yi bai wuce minti ɗaya ba. A ce wa mutum ya yi murmushi a duba ko gefe ɗaya na baki ya zube. A ce ya ɗaga hannuwa biyu a ga ko ɗaya zai faɗi. A ce ya faɗi sunansa da na garinsu a ji ko harshe ya yi nauyi. Ɗaya daga cikin ukun ya wadatar. Sai a duba agogo ko waya a riƙe lokacin, idan kuma daga barci ya tashi da abin, a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe. Allurar narkar da gudan jini ba a yin ta sai cikin sa'a huɗu da rabi, a manyan asibitoci ƙalilan, kuma ciwon daji shi kaɗai ba ya hana a yi ta, sai dai likita zai duba nau'insa da yawan ƙwayoyin tsayar da jini. Ko da ba a samu allurar ba, zuwa da wuri yana da riba, don a asibiti ne za a tsare ƙarfin jini da sukari da zazzaɓi da numfashi, waɗanda su ne ke riƙe da ran wancan kewaye da muka ambata. Idan alamun suka zo suka wuce cikin mintoci, kada a ce an rabu da su. Gargaɗi ne, kuma babbar kan biyo baya a kwanakin farko.

A kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa tufafi. Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa ko kunu ko rubutu ko jiƙo, domin kusan rabin waɗanda suka shanye haɗiyarsu kan lalace a farko, abin da aka ɗura ya bi ta huhu ya zama ciwon da ke kashe mutane da yawa a makon farko. Addu'a da tofi ba su hana tafiya asibiti ba, ana iya yin su a cikin mota. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga, don mai ƙarancin jini ba shi da na zubarwa, mai ƙarancin ƙwayoyin tsayar da jini kuma zubar ba za ta tsaya da sauƙi ba. Kada a turara shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki. Kada kuma a ba shi asfirin kafin hoto. Asfirin magani ne mai kyau ga toshewa, amma a ƙasar da kusan sulusin shanyewa fashewa ce, ga mutumin da daji ya riga ya raunana jininsa, ba shi ita a makance caca ce da rai.

Ga malamin ƙaramin asibiti, aikinsa a nan gajere ne amma mai nauyi. Ya auna sukari da farko, don faɗuwar sukari tana kwaikwayon shanyewa, kuma mai dajin da ba ya cin abinci yana shan maganin sukari ya fi kowa faɗawa cikinta. Ita kuwa cikin mintoci ake gyara ta. Ya auna jini da zafin jiki ya rubuta tare da lokaci. Idan jini ya yi ƙasa ko jiki ya bushe, ya ɗaura ƙarin ruwa na gishiri. Idan ya hau, ya rubuta ya bar shi. Sannan ya rubuta takardar turawa ya sallame su, kada ya kwantar da shi ya ce a ga abin da gobe za ta yi.

Hanya da iyaka

Babban Asibitin Jibiya shi ne mafi kusa da za a iya tsayawa a daidaita mara lafiya, amma hoton siti-sikan da ke bambance toshewa da fashewa sai manyan asibitocin birnin Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda a da ake kira Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi, da Babban Asibitin Katsina. A 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, bayan shekarun da masu neman gashi daga wannan jiha ke tafiya Shika ko Sakkwato ko Abuja. Yana da kyau a buga waya tun ana hanya a tabbatar na'urar ɗaukar hoto tana aiki a inda aka nufa, don kada a ɓata sa'a guda ana zagaya gari da mara lafiya.

Mun san cewa faɗin a tafi nan take ya fi aikatawa sauƙi. Matsalar tsaro da ta addabi ƙauyukan Jibiya a shekarun baya ta koya wa jama'a tsoron hanya da dare, kuma kuɗin mota ba ya nan a kowane gida. Saboda haka shirin ya kamata a yi shi tun ana lafiya. Mai unguwa ya san gidajen da ke da mai shan kemo ko mai hawan jini, ya san mai motar da za a tasa ko da tsakar dare, ya riƙe lambar jami'an tsaron da ke kusa domin rakiya. Wanda ya shanye ba ya iya riƙe kansa a kan babur. Idan ba makawa sai babur zuwa bakin titi, a sa mutum a bayansa ya tallafe shi.

Mutanen Gangara da Magama da Ɗan Isa da Maraɗi 'yan'uwan juna ne, kuma akwai masu karɓar magani a tsallaken iyaka ta kowane ɓangare. An rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma duk wanda maganinsa ke can ya san abin da hakan ya jawo masa. Mai karɓar magani a wancan gefe ya riƙe kwafin takardunsa a gida. Malamanmu kuma su lura da abu ɗaya: a asibitocin Nijar, bisa tsarin Faransa, sau da yawa ana rubuta awon jini da gajerun lambobi, 14/9 yana nufin 140 bisa 90, 18/11 kuma 180 bisa 110. Sunayen magunguna ma sukan bambanta, don haka a zo da kwalayen kansu, har da na gargajiya da na kasuwa da yake sha, a zube wa likita su gani.

Bayan an dawo gida

Daidaitawar jinin ƙwaƙwalwa ba ta komawa daidai a rana ɗaya, takan ɗauki makonni. A wannan tsakani kada mara lafiya ya zabura ya miƙe. Ya fara zama a bakin gado na ɗan lokaci, sannan a kama shi ya tashi. Bayan kwanakin farko likita zai fara saukar da hawan jinin sannu a hankali, daga nan kuma shan maganin ya zama na kullum, domin a nan gaba hawan ne abokin gaba. A rage gishiri da ɗunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunƙule. Zaɓin maganin hana daskarewa, ko asfirin ko allurar hefarin ko sababbin ƙwayoyi, hukuncin likitan daji ne da likitan ƙwaƙwalwa tare, bisa nau'in dajin da awon jinin mutum, kuma yana iya canzawa daga wata zuwa wata. Wanda ke shan irinsu idan ya ga baƙin bahaya, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, ko jini a fitsari, ya koma asibiti a ranar.

A riƙa juya shi a shimfiɗa duk bayan sa'a biyu don gudun gyambon kwanciya, a riƙa lanƙwasa masa hannu da ƙafar da suka mutu ana miƙewa sau da dama a yini, kamar yadda masu gashin ƙashi na asibiti za su nuna. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko numfashi da ya sarƙe farat ɗaya, alamar gudan jini ne a ƙafa ko a huhu, abin da ya fi yawa ga mai daji da ke kwance, kuma shi ma na gaggawa ne. Ranar komawa asibitin daji kuwa kada a bar ta ta wuce don an shanye. A je a ranar, ko a aika wani da takardun asibitin da aka kwanta, domin likitan daji ne zai yanke ko a ci gaba da kemo, ko a jinkirta shi, ko a sauya magani.